Sabunta manhajar kwamfuta

Sabunta manhajar kwamfuta shi ne maye gurbin wani ɓangare na manhajar da ke kan kwamfuta da sabon da masu ƙirƙirarta suka fitar, domin toshe kafar da masu kutse za su iya bi, ko gyara kuskure, ko ƙara wani aiki da babu shi a da. Tsarin aiki, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows da macOS da Linux, yakan duba da kansa ko an fitar da sabon gyara, sannan ya nuna sanarwa a gefen allo. Daga nan sai a sauke gyaran ta intanet, a girka shi, wani lokaci kuma sai an sake kunna kwamfutar kafin ya fara aiki.

A wuraren da wutar lantarki ba ta yankewa kuma ba a auna intanet, sabuntawa kan gudana ba tare da mai kwamfuta ya lura ba. A yankuna irin su ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo da ke yammacin Jihar Kano kuwa, kowace sabuntawa tana cin data da man janareta da lokacin ciniki, abin da ke sa wasu su kashe ta gaba ɗaya, alhali kwamfutocin suna ɗauke da bayanan jama'a. Batun ya ƙara nauyi tun ranar 14 ga Oktoba 2025, lokacin da kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin yau da kullum ga Windows 10.

## Kalmomin fannin

Yawancin kalmomin da Hausa ke amfani da su a wannan fanni tsofaffi ne da aka faɗaɗa ma'anarsu. Kalmar *manhaja* ta samo asali daga Larabci, kuma an fi saninta da ma'anar tsarin karatun makaranta kafin kafofin watsa labarai su riƙa amfani da ita ga shirye-shiryen kwamfuta da na waya. Kalmar *faci* an aro ta daga Turanci, ta kuma zauna a Hausa ta hanyar sana'ar mai faci, wanda ke liƙe hujin taya. Ma'anar ta dace da ƙaramin gyaran da ake yi wa manhaja, domin shi ma huji ɗaya yake toshewa ba tare da an sauya dukkan abin ba.

Ana bambanta abubuwa biyu da mutane kan haɗa su a magana:

* Sabuntawa: ƙaramin gyara a cikin fitowa ɗaya, kamar facin wata-wata na Windows 11.
* Ɗaukakawa: ƙaura daga wata fitowa zuwa wadda ta fi ta, kamar daga Windows 10 zuwa Windows 11, ko daga Ubuntu 22.04 zuwa Ubuntu 24.04.

*Ƙunshi* shi ne fayil guda da ya tattara manhaja da bayanin lambarta da jerin sauran manhajojin da take dogaro da su. *Rumbu* kuma shi ne ma'ajiyar da ke kan intanet inda ake tara ƙunshe-ƙunshen domin kwamfutoci su ɗebo. Ko da yake Microsoft ya samar da ƙunshin harshen Hausa ga Windows 7 da Windows 10, yawancin kwamfutocin da ke ƙasar Hausa da Turanci suke aiki, don haka sanarwar sabuntawa takan zo da harshen da ba kowane mai kwamfuta ke fahimtarsa sosai ba.

## Tarihi

A farkon zamanin kwamfuta, ana rubuta umarni ne ta hanyar huda kati ko doguwar takarda. Idan aka sami kuskure, sai a liƙe hujin da bai dace ba, ko a yanke wurin a manna sabon yanki. Daga nan ne sunan faci ya shiga fannin. Daga baya kamfanoni suka riƙa aika gyara a kan faifai ta gidan waya, har zuwa lokacin da intanet ta yaɗu a shekarun 1990.

Microsoft ya ƙaddamar da Windows Update tare da Windows 98 a shekarar 1998. A lokacin shafin intanet ne da mutum zai ziyarta da kansa ya zaɓi abin da yake so. Sabuntawa mai sarrafa kanta ta zo da Windows Me a 2000. A watan Agusta 2003 ƙwayar cutar kwamfuta mai suna Blaster ta bazu a duniya ta wata kafa da aka riga aka fitar da facinta tun watan Yuli, amma mutane da yawa ba su girka ba. A watan Oktoba na wannan shekara Microsoft ya tsayar da Talata ta biyu ta kowane wata a matsayin ranar fitar da facin tsaro. Ana sakin su da ƙarfe 10 na safe agogon yammacin Amurka, wato ƙarfe 6 ko 7 na yamma agogon Najeriya, shi ya sa kwamfutocin ofisoshi da shaguna a nan suka fi ganin sanarwar daga safiyar Laraba.

A ɓangaren Linux, Ian Murdock ya kafa Debian a 1993, aka kuma samar da dpkg domin girka ƙunshi da cire shi. Manhajar APT, wadda ke ɗebo ƙunshi daga rumbu tare da duk abin da yake dogaro da shi, ta shiga Debian 2.1 a 1999. Kamfanin Red Hat ya bi tasa hanyar da tsarin RPM. A watan Oktoba 2004 kamfanin Canonical, na Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu, ya fitar da Ubuntu a kan tushen Debian.

Windows 10, wanda ya fito ranar 29 ga Yuli 2015, ya sauya al'adar: facin kowane wata ya zama mai tattare da na watannin baya, kuma masu amfani da fitowar gida ba su da ikon ƙin karɓa har abada. Bayan koke-koke, a 2019 aka ba su damar dakatar da sabuntawa har kwana 35.

## Nau'o'i

* Facin tsaro yana toshe kafar da za a iya amfani da ita wajen kutse. Irin waɗannan kafofi ana ba su lamba a rajistar CVE, wadda aka fara a 1999.
* Gyaran kuskure yana magance matsala kamar daskarewar allo ko rufewar manhaja ba zato.
* Sabuntawar direba ta shafi ƙaramar manhajar da ke haɗa tsarin aiki da na'ura, kamar firinta ko na'urar ɗaukar hoton yatsa.
* Bayanan riga-kafi su ne jerin alamomin sababbin ƙwayoyin cuta da manhajar kariya irin su Microsoft Defender ke karɓa, sau da yawa a kullum. Ba su da nauyi sosai.
* Sabuntawar BIOS ta shafi manhajar da ke tada kwamfuta tun kafin tsarin aiki ya tashi. Ita ce mafi haɗari idan wuta ta yanke ana tsakiyarta.
* Ɗaukakawa tana kawo sabuwar fitowa ɗungurungum, kuma takan kai gigabait da dama.

## Yadda take aiki

### A Windows

Kwamfuta tana tuntuɓar Microsoft lokaci-lokaci ta kwatanta abin da take da shi da abin da aka fitar. Idan akwai sabo sai ta sauke shi a ɓoye yayin da ake sauran aiki, ta tabbatar da sa hannun lantarki da ke kansa domin sanin cewa ba a gurɓata shi a hanya ba, sannan ta girka. Windows ba ya iya sauya fayil ɗin da yake cikin amfani, don haka ake jinkirta wani ɓangare na aikin har sai an sake kunna kwamfutar. Wannan shi ne lokacin da allo ke nuna kashi cikin ɗari tare da gargaɗin kada a kashe na'urar. Windows Update ya fi kula da Windows da sauran kayan Microsoft. Manhajoji irin su Chrome da Firefox kowace tana da nata tsarin sabuntawa.

### A Linux

A Debian da Ubuntu da Linux Mint, kusan dukkan manhajojin da ke kan kwamfuta daga rumbu ɗaya suke fitowa, don haka sabuntawa ɗaya takan shafe su duka. Aikin yana da mataki biyu da sababbin masu koyo kan rikita. Umarnin `sudo apt update` jerin sunaye da lambobin ƙunshe-ƙunshe kawai yake ɗebowa, ba ya girka komai. Umarnin `sudo apt upgrade` shi ne ke sauke sababbin ya girka su, kuma kafin ya fara yakan faɗi yawan datar da zai ci ya nemi amincewa. Wanda ba ya son rubuta umarni yana iya amfani da manhajar sabuntawa mai tagogi, wadda ke yin aikin guda. A Fedora ana amfani da dnf.

Babban aikin mai kula da ƙunshi shi ne lissafin dogaro. Idan sabuwar manhajar rubutu tana buƙatar sabon ɗakin karatu na lambobi da wasu manhajoji biyar ke amfani da shi, dole a tabbatar sauyin ba zai karya sauran biyar ɗin ba. Idan lissafin bai daidaita ba, APT yakan riƙe ƙunshin ya bar tsohon. Yawancin sabuntawa a Linux ba ta buƙatar sake kunnawa, sai idan ta taɓa zuciyar tsarin, wato kanel.

Ubuntu yana fitowa sau biyu a shekara, a Afrilu da Oktoba. Duk bayan shekara biyu, fitowar Afrilu takan zama mai dogon tallafi na shekara biyar. Lambar tana nuna shekara da wata: 24.04 na nufin Afrilun 2024.

## Sanarwa ta gaskiya da ta bogi

Sanarwa ta gaskiya daga tsarin aikin kansa take fitowa, kuma ana iya tabbatar da ita ta buɗe sashen saituna a ga ko tana can. Ba ta neman kuɗi, ba ta neman lambar waya ko ta katin banki, kuma ba ta bayyana a tsakiyar shafin intanet.

Masu damfara sun daɗe suna kwaikwayon ta. Mutum yana cikin duba wani shafi sai taga ta buɗe ta ce burauzarsa ta tsufa ko kwamfutarsa ta kamu da cuta, ya danna nan ya gyara. Abin da ya sauke muguwar manhaja ce mai satar kalmomin sirri ko buɗe ƙofa ga masu kutse. Shekaru da yawa an fi fakewa da sunan Adobe Flash Player. Kamfanin Adobe ya daina tallafa masa ranar 31 ga Disamba 2020, don haka duk sanarwar da ke neman a sabunta shi a yau ta bogi ce.

## Illar ƙin sabuntawa

Da zarar an fitar da faci, masu kutse kan yi nazarinsa su gano kafar da ya toshe, sannan su nemi kwamfutocin da ba su girka ba. Ta haka jinkiri ke ƙara haɗari kullum. Ƙwayar Conficker ta bazu daga Nuwamba 2008 ta kafar da aka toshe a watan Oktoba na shekarar, ta kuma riƙa bin filashi daga kwamfuta zuwa kwamfuta. A Fabrairu 2011 Microsoft ya tura gyaran da ya hana filashi tada manhaja da kansa a Windows XP da Vista.

Misalin da aka fi ambata shi ne WannaCry. Microsoft ya fitar da facin kafar ranar 14 ga Maris 2017. Ranar 12 ga Mayu, kusan wata biyu bayan haka, ƙwayar ta kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kimanin 150, tana kulle fayiloli tana neman kuɗin fansa. A Ingila sai da asibitoci suka soke dubban alƙawuran ganin likita. Lamarin ya kai Microsoft ya fitar da faci na gaggawa ga Windows XP, wanda tallafinsa ya ƙare tun 8 ga Afrilu 2014.

## Illar da sabuntawa kan jawo

Tsoron da wasu ke yi wa sabuntawa yana da tushe. Faci kan sa tsohuwar firinta ta daina aiki, ko tsohuwar kwamfuta ta ƙara nauyi. Ranar 19 ga Yuli 2024 wani gurɓataccen gyara daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5, ya tsayar da jiragen sama da ayyukan bankuna da asibitoci a ƙasashe da dama.

Akwai kuma lokutan da masu kutse suka bi ta hanyar sabuntawar kanta. A Yuni 2017 ƙwayar NotPetya ta shiga ta sabuntawar wata manhajar lissafin haraji a Yukiren. A 2020 aka gano an cusa muguwar lamba a cikin sabuntawar manhajar Orion ta kamfanin SolarWinds, wadda abokan ciniki kimanin 18,000 suka sauke. A Maris 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund ya gano ƙofar sirri da aka dasa a ƙunshin xz na Linux kafin ta isa manyan fitowa masu ɗorewa. Saboda irin wannan ne manyan ma'aikatu kan gwada faci a kan kwamfutoci kaɗan kafin su tura wa saura. Duk da haka, masana tsaro sun fi karkata ga cewa haɗarin barin kwamfuta ba faci na tsawon watanni ya fi haɗarin girka shi.

## A Gwarzo da Kabo

Gwarzo da Kabo ƙananan hukumomi ne maƙwabtan juna a mazaɓar sanatan Kano ta Arewa, kuma ɗan majalisar wakilai ɗaya suke da shi. A ƙidayar 2006 Gwarzo tana da mutane sama da 180,000, Kabo kuma sama da 150,000. Titin da ya taso daga birnin Kano ya wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero da Rimin Gado shi ne ke kaiwa yankin, ya zarce Dayi a Jihar Katsina. Garin Gwarzo yana da nisan kimanin kilomita 70 daga birni.

### Masu amfani da kwamfuta

Wayar hannu ta fi yawa a hannun jama'a, amma akwai ayyukan da sai da kwamfuta. Hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta gaba ɗaya a 2015, kuma tun 2021 ba a rajista sai da lambar ɗan ƙasa ta NIN. Duba sakamakon WAEC da NECO, da neman gurbin karatu, da cike takardun neman aiki, duk ta intanet ake yi. Wannan ya sa shagunan buga takardu da fotokwafi a garuruwa irin su Gwarzo da Getso da Kabo da Garo suka zama mashigar jama'a zuwa waɗannan hukumomi. Ban da su akwai sakatariyoyin ƙananan hukumomi da makarantu da asibitoci. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince da kafa kwalejin kimiyya da fasaha a Kabo, wadda aka ɗaga zuwa jami'a a 2025, abin da ke ƙara yawan ɗalibai da ma'aikata masu buƙatar kwamfuta a yankin.

Kwamfutar irin wannan shago takan tara hotunan fasfo da lambobin NIN da takardun haihuwa da sakamakon jarrabawa na mutane masu yawa, kuma ana soka mata filashi daga hannaye daban-daban a rana guda. Idan ta kamu, ba mai shagon kaɗai ke asara ba.

### Wuta

Kamfanin KEDCO ne ke rarraba wuta a jihohin Kano da Katsina da Jigawa, kuma kamar sauran yankunan karkara, wutar ba ta tsayawa. Shaguna sun dogara da janareta ko sola. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, kowace sa'a da janareta ya yi yana aiki ta ƙara tsada, don haka rabin sa'ar da kwamfuta za ta ɓata tana girka faci asara ce ta mai da ta ciniki. Kwamfutar tebur da ba ta da UPS tana mutuwa nan take idan wuta ta ɗauke. In hakan ya faru ana tsakiyar girkawa, Windows yakan yi ƙoƙarin komawa yadda yake a da, amma wani lokaci ya kasa tashi sai an kai wa mai gyara. Kwamfutar tafi-da-gidanka ta fi tsira, muddin batirinta yana riƙe caji.

### Data

Yawancin masu kwamfuta a yankin ta modem ko ta wayar hannu suke samun intanet, daga kamfanoni irin su MTN da Airtel da Glo, kuma ana sayen data ne da awo. A Janairu 2025 Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da ƙarin farashi har kashi 50 cikin ɗari. Facin wata-wata na Windows yakan kai ɗaruruwan megabait. A misali, shago mai kwamfuta biyar da kowace ta sauke megabait 700 ya ƙone gigabait 3.5 a abu iri ɗaya. Windows kuma yana ɗaukar duk haɗin Wi-Fi a matsayin marar awo sai an gaya masa akasin haka, shi ya sa wanda ya jona kwamfuta da wayarsa kan ga datarsa ta ƙare bai san inda ta tafi ba.

### Tsofaffin kwamfutoci

Da yawan kwamfutocin da ake amfani da su na hannu ne, waɗanda aka shigo da su daga Turai da Amurka ta Legas, ake sayar da su a kasuwannin birnin Kano irin su Farm Centre da titin Beirut. Sukan zo da Windows da mai sayarwa ko mai gyara ya ɗora, wani lokaci marar lasisi, kuma akan kashe sabuntawa tun daga shago domin kada ta ci data ko ta taɓa abin da aka yi wa lasisin. Manhajojin fasa lasisi su kansu sanannun hanyoyin shigar muguwar manhaja ne.

Windows 11, wanda ya fito ranar 5 ga Oktoba 2021, yana buƙatar guntun tsaro na TPM 2.0, da ƙwaƙwalwar aiki ta gigabait 4, da ma'ajiya ta gigabait 64, da furosesa na Intel daga ƙarni na takwas zuwa sama ko makamancinsa na AMD. Kwamfutocin da aka ƙera kafin 2017 galibi ba su cika sharuɗɗan ba, ko da suna aiki lafiya. Windows 7 ya rasa tallafi tun 14 ga Janairu 2020, Windows 10 kuma a Oktoba 2025, sai dai Microsoft ya buɗe shirin ƙarin facin tsaro na wucin gadi ga waɗanda suka yi rajista. Kwamfutar da tallafinta ya ƙare ba ta daina aiki, amma duk kafar da aka gano bayan ranar a buɗe za ta zauna. Rashin ganin sanarwa a irin wannan kwamfuta ba alamar lafiya ba ne.

Zaɓin da ya rage wa mai ita shi ne ya sayi wadda ta cika sharuɗɗa, ko ya raba ta da intanet ya bar ta ga buga rubutu kawai, ko ya ɗora mata Linux. Ubuntu 24.04 da Linux Mint 22 kyauta ne, suna tafiya a kan tsofaffin na'urori, kuma za su ci gaba da samun facin tsaro har 2029. Cikas ɗin shi ne manhajojin da shaguna suka saba da su, kamar CorelDRAW da Microsoft Office na tebur, ba a yi su domin Linux ba, haka ma wasu manhajojin rajista da direbobin na'urar ɗaukar hoton yatsa. LibreOffice da Inkscape suna iya maye gurbin wasu ayyukan, amma sai an koya.

## Hanyoyin rage tsada da haɗari

Akwai matakan da ke ba da damar ci gaba da karɓar faci ba tare da an kashe sabuntawa ba:

* Sanya haɗin intanet a matsayin mai awo a saitunan Windows, wanda ke hana yawancin saukarwa ta kai tsaye har sai mai kwamfuta ya ba da izini.
* Tsayar da rana ɗaya a wata, bayan Talata ta biyu, a yi sabuntawa lokacin da caji ya cika ko sola ke da ƙarfi, tare da amfani da datar dare mai rahusa inda kamfanin waya ke bayarwa.
* Saita sa'o'in aiki domin kada kwamfuta ta sake kunna kanta ana tsakiyar hidimar abokin ciniki, da dakatar da sabuntawa na 'yan kwanaki a makon rufe rajistar jarrabawa.
* Kunna Delivery Optimization domin kwamfutocin da ke kan haɗi ɗaya su raba abin da ɗaya ta sauke, ko a ɗebo fayil ɗin sau ɗaya daga Microsoft Update Catalog a zagaya da shi a filashi mai tsabta. A Debian da Ubuntu, apt-cacher-ng yana yin irin wannan aiki, apt-offline kuma yana taimaka wa kwamfutar da ba ta da intanet.
* Ajiye kwafin muhimman fayiloli a wata ma'ajiya daban, a kuma cire ta daga kwamfutar, kafin kowace ɗaukakawa.
* Fifita facin tsaro da na burauza da bayanan riga-kafi idan data ba ta isa komai ba.
* Goge takardun abokan ciniki da zarar an gama aikinsu.

Idan wuta ta katse girkawa a Debian ko Ubuntu, umarnin `sudo dpkg --configure -a` yakan ƙarasa abin da ya tsaya.

## Hukumomi da doka a Najeriya

Hukumar Bunƙasa Fasahar Sadarwa ta Ƙasa, NITDA, wadda aka kafa a 2001, da cibiyar ngCERT da ke ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, da sashen tsaron intanet na NCC, duk sukan fitar da gargaɗi idan aka gano babbar kafa a manhajar da ake amfani da ita sosai, kuma shawarar da suka fi bayarwa ita ce a girka faci. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanadi hukunci ga kutse da yaɗa muguwar manhaja. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023, wadda hukumar NDPC ke kula da aiwatar da ita, ta wajabta wa duk mai tattara bayanan mutane ya ɗauki matakan da suka dace domin kare su daga sata ko ɓacewa, kuma wannan nauyi yana kan ƙananan masu sana'a kamar yadda yake kan manyan ma'aikatu.

## Duba kuma

* Tsarin aiki na kwamfuta
* Microsoft Windows
* Linux
* Tsaron intanet
* Gwarzo
* Kabo